H.264 ko HEVC: Wane Tsari Ya Dace Mai Tace Bidiyo Ya Fitar da Aikinsa Domin Waya?

Duk wanda ya taɓa kwana a gaban kwamfuta yana tace bidiyon biki ya san cewa aiki bai ƙare ba don an gama yanka da jera hotuna da daidaita sauti, domin akwai sauran mataki guda da yawancinmu muke yi wa riƙon sakainar kashi, wato zaɓen tsarin da za a fitar da aikin a cikinsa. A nan Legas matakin yana da nauyi fiye da yadda ake zato, saboda bidiyon da aka tace a wani ƙaramin shago a Agege ba a Agege yake tsayawa ba. Mai biki zai karɓa a wayarsa, ya tura wa ƙaninsa da ke Idi-Araba ta Xender, ƙanin ya saka shi a zauren WhatsApp na dangi, kafin magariba ya isa wayar wata gwaggo a Funtuwa ko Azare, wadda ta yi shekara biyar a hannunta kuma ba ta da sauran wurin ajiya. Ingancin aikin mai tacewa a waccan wayar ake auna shi, ba a kan babban allon da ke shagonsa ba.

Na koyi wannan ne ta hanyar da ba ta da daɗi. Wani Alhaji mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 ya ba ni aikin bikin 'yarsa, an ɗauki wani sashe da kyamara, wani sashen kuma da iPhone. Da na gama tacewa sai na fitar da aikin a tsarin matse bidiyo na HEVC mai zurfin launi na bit 10, wanda yake ɗaukar matakan launi fiye da na bit 8 da aka saba, ina murna cewa fayil ɗin ya yi ƙanƙanta kuma launin lallen amarya ya fito ras. Kwana biyu bayan haka Alhaji ya shigo shagon da wayoyi biyu a hannu, ya ajiye su a kan tebur ya ce, "Malam, a tawa wayar komai yana fita, amma a ta Hajiya murya kawai ake ji, allon baƙi ƙirin. Ita kuwa uwar amarya ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe." Ban taɓa ko sakan ɗaya na tacewar ba, tsarin fitarwa kawai na sauya zuwa H.264, kuma washegari bidiyon ya buɗe a wayar Hajiya ba gardama.

Kafin a kwatanta tsare-tsaren, dole a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su MP4 da MOV da MKV, sunan mazubi ne kawai, kamar buhun da ake zuba kaya a ciki. Abin da ke cikin buhun, wato hoton da sautin, an matse su ne da wata dabara da ake kira kodek, kuma ita ce waya take buƙatar ta iya warwarewa kafin ta nuna wani abu. Buhu iri ɗaya yana iya ɗaukar albasa, yana iya ɗaukar busasshen barkono. Haka fayil ɗin MP4 yana iya ɗauke da H.264, yana iya ɗauke da HEVC ko AV1. Shi ya sa mutum zai ce ya tura MP4 amma ya ƙi buɗewa, alhali mazubin ba shi da laifi. Shi ya sa kuma goge MOV daga sunan fayil a rubuta MP4 ba juyawa ba ne, an sauya rubutun da ke jikin buhu ne kurum.

Maganar mazubi ba ta da tsawo. AVI, wanda Microsoft ya fito da shi a 1992, ya tsufa. 3GP na zamanin ƙananan wayoyi masu madannai ne, kuma sai don su ake nemansa yanzu. MOV na Apple ne, yana da kyau wajen ajiye aikin asali, amma sau da yawa yana zuwa da sauti marar matsi ko kodek na ƙwararru irin ProRes wanda wayoyin Android ba sa buɗewa. MKV yana ɗaukar kusan komai, har da harsuna da dama da rubutun fassara, sai dai iPhone ba ya buɗe shi sai an saka wata manhaja kamar VLC. WebM na Google an yi shi ne domin shafukan intanet. MP4 ne kaɗai kowace waya da kowane dandali suka yarda da shi, don haka a wannan ɓangaren babu wani dogon tunani.

Ainihin zaɓin yana tsakanin H.264 da HEVC. An kammala H.264, wanda ake kuma kira AVC, a shekarar 2003, kuma shekarun da ya yi su ne ƙarfinsa: kusan duk wata waya mai babban allo da ake sayarwa a Computer Village da ke Ikeja, sabuwa ko ta hannu, tana da wani sashe na musamman a cikin injinta wanda aikinsa kawai shi ne warware H.264. Wannan sashen yana yin aikin ba tare da ya wahalar da sauran injin ba, saboda haka waya ba ta ɗaukar zafi, caji ba ya zuba, hoto kuma ba ya sarƙewa. Ga wanda yake zaune a unguwar da wuta take zuwa lokacin da ta ga dama, bambancin da ke tsakanin bidiyon da ke cin caji kaɗan da wanda ke shanye batir ba ƙaramin abu ba ne.

HEVC, ko H.265, ya zo a 2013 da burin ba da inganci irin na H.264 a rabin nauyin fayil. A aikace ragin bai cika kai rabi ba, musamman a ƙananan hotuna, amma yana da yawa, kuma ya fi bayyana a bidiyo mai girman 4K, wato hoto mai ɗigo masu yawa ƙwarai. Apple ya mayar da shi tsarin da iPhone yake ɗaukar bidiyo da shi tun fitowar iOS 11 a 2017, Android kuma ya san shi tun sigar 5.0. Idan aka tsaya a nan, sai a ce HEVC ya yi nasara, tunda data tana da tsada, ballantana bayan da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Matsalar ita ce, sanin tsari daban, iya ɗaukar nauyinsa daban. Wayar da ba ta da sashen warware HEVC za ta ɗora aikin a kan babban injinta, hoton ya riƙa tsayawa yana tafiya, sauti ya wuce shi, bayan wayar ya yi zafi. Wayoyi da yawa masu araha suna iya buɗe HEVC mai bit 8 amma su gaza a mai bit 10, wanda shi ne abin da ya faru da wayar Hajiya. Ban da waya ma, tsofaffin talabijin masu kafar filashi da ake jona wa bidiyon biki a falo, da wasu kwamfutocin Windows da ba a saka musu ƙarin manhajar HEVC ba, duk sukan ƙi shi. Sannan fitar da HEVC yana ɗaukar lokaci fiye da H.264 a kwamfutar da ba ta da katin hoto mai taimaka mata, kuma mai aiki da janareta ya san kowace awa tana da kuɗinta na fetur.

Ra'ayina a nan a bayyane yake. Idan bidiyo zai shiga hannun mutanen da ban san wayoyinsu ba, kamar na biki ko suna ko walimar saukar Alƙur'ani ko karatun malami da za a rarraba, H.264 nake zaɓa ko da fayil ɗin ya ɗan fi nauyi, domin fayil mai sauƙi da ya ƙi buɗewa asarar data ce gaba ɗaya. HEVC yana da wurinsa: ajiyar kaina a faifan kwamfuta, ko abokin cinikin da na tabbatar shi da iyalinsa sababbin wayoyi suke riƙewa kuma ya nemi 4K da bakinsa.

Akwai wasu biyu da ake jin sunansu, VP9 na Google da AV1 wanda gamayyar manyan kamfanonin fasaha ta fitar a 2018. AV1 ya fi HEVC matsewa, YouTube da Netflix suna amfani da shi, amma wayoyin da ke da sashen warware shi ba su yawaita ba tukuna. A wajen Apple ma sai daga iPhone 15 Pro na 2023 aka fara samunsa. Waɗannan tsare-tsare ne da dandali yake juya bidiyo zuwa gare su da kansa, ya kuma ba kowace waya abin da za ta iya ɗauka. Mai tace bidiyon da zai miƙa fayil hannu da hannu ba shi da dalilin wahalar da kansa da su a yanzu.

Zaɓen H.264 kaɗai bai wadatar ba, domin a cikinsa ma akwai saitin da zai iya mayar da hannun agogo baya. Dole zurfin launi ya zama bit 8, tsarin launin kuma, wato yadda ake rage bayanan launi, ya zama 4:2:0, wanda a wasu manhajoji ake rubuta shi yuv420p. Wasu kyamarorin ƙwararru suna ɗauka a 4:2:2 mai bit 10, kuma idan manhajar tacewa ta bi sawun asalin wajen fitarwa, za a sami fayil ɗin H.264 da yawancin wayoyi ba za su nuna ba. A cikin matakan H.264 da manhaja take ba da zaɓi, wanda ake kira High ya dace da wayoyin zamani duka, Baseline kuwa sai idan ana nufin tsofaffin wayoyi sosai. Akwai kuma tarkon HDR, wato tsarin hoto mai faɗin haske da launi fiye da na yau da kullum. Tun daga iPhone 12 wayoyin Apple suna ɗaukar bidiyo a wani nau'in HDR mai suna Dolby Vision, wanda a allonsu yake sheƙi, amma idan aka cakuɗa shi da hoton kyamara aka fitar ba tare da an mayar da launinsa zuwa ma'aunin launi na yau da kullum, wato Rec.709, ba, sai fuskoki su fito fari fat kamar an wanke hoton da ruwa, shaddar ango ta rasa launinta. Idan da hali, gara a roƙi mai iPhone tun kafin taro ya kashe HDR, ya kuma zaɓi Most Compatible a saitin kyamararsa, wanda zai sa wayar ta ɗauka a H.264 tun daga tushe.

Sai batun girman hoto, inda son burgewa yake yawan rinjayar lissafi. Hoton 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla sama da miliyan biyu. Na 720p yana da 1280 da 720, wato 921,600, ƙasa da rabin na farko. Na 480p bai wuce 410,000 ba, 4K kuwa ya haura miliyan takwas. Yanzu a dubi wayoyin da ke hannun jama'a a tashar mota ko a masallacin Juma'a: akasarinsu Tecno ne da Infinix da itel da ƙananan Samsung da Redmi, kuma masu araha a cikinsu allonsu ɗigo 720 ne a faɗi, 1600 ko kusa da haka a tsawo. Irin wannan allo ba zai iya nuna fiye da 720p ba komai girman abin da aka tura masa. Zai karɓi 1080p ya rage shi da kansa, mai wayar ya biya kuɗin datar ɗigon da idonsa bai taɓa gani ba. Ko a wayar da allonta ya kai 1080, a allon inci shida da rabi bambancin ba ya fitowa sosai sai a ƙananan rubutu. Saboda haka 720p shi ne matsakaicin da ya fi dacewa da rarrabawa, 1080p kuma na wanda zai kalla a talabijin ko zai ɗora a YouTube. Ina sauka zuwa 480p ne kawai a dogon karatu, inda malami yake zaune wuri ɗaya na awa guda ko biyu kuma muryarsa ake bi ba fuskarsa ba. Abin da ba shi da amfani ko kaɗan shi ne ɗaga hoton da aka ɗauka a 720p zuwa 1080p wajen fitarwa, domin nauyi ne zai ƙaru ba kyau ba.

Amma girman hoto ba shi ne yake yanke nauyin fayil ba. Abin da yake yankewa shi ne yawan bayanan da aka ware wa kowane sakan, wanda masu sana'ar suke kira bitret, kuma lissafinsa mai sauƙi ne da ya kamata kowane mai tacewa ya haddace: megabit 1 a sakan yana ba da megabait 7.5 a minti. Bidiyon da aka fitar a megabit 8 zai ci megabait 60 a minti, wato gigabait 3.6 a awa guda. Wanda aka fitar a megabit 2 tare da sauti zai tsaya a wajen megabait 16 a minti, awa guda ba ta kai gigabait ɗaya ba. Karatun malami a 480p da kilobit 800 zai zauna a kusan megabait 400 a awa. Da wannan lissafin mutum zai iya faɗa wa abokin ciniki nauyin aikinsa tun kafin ya danna maɓallin fitarwa. A gwajin da na saba yi, 720p yana fita da kyau tsakanin megabit 1.5 da 2.5, sai dai abin da ke cikin hoton yana da tasiri: wurin kamu ko dina, inda ake rawa ana liƙi, fitilu masu launi suna walƙiya, leshi da duwatsun ado suna ƙyalli, yana buƙatar bayanai fiye da ɗaurin aure da aka yi a zaune. Idan aka matse irin wannan wuri da yawa, fuskoki sukan farfashe su koma ƙananan murabba'ai, kuma a nan ne mata suka fi tsayar da bidiyo don su duba ɗinki.

Wannan ya kawo mu ga hanyoyi biyu na saita bitret. Ta farko ita ce a ba manhaja adadi, a ce mata ta tsaya a megabit 2, ko dai daram ko kuma tana hawa da sauka a kewayensa. Amfaninta shi ne an san nauyin fayil tun farko, wanda yake da muhimmanci idan akwai iyakar da ba a so a wuce. Ta biyu ita ce a ba ta matakin inganci, ita kuma ta kashe bayanai da yawa a wurin rawa, ta yi tsimi a wurin da ake zaune. A manhajar juya bidiyo ta HandBrake ana kiran wannan ma'auni RF, a takwararta FFmpeg kuma CRF, kuma yana tafiya ne a juye: ƙaramar lamba inganci mai yawa da fayil mai nauyi, babbar lamba akasin haka. A H.264 lambar tana tsakanin 0 da 51, FFmpeg yana farawa daga 23, kuma ƙarin 6 yana rage nauyin fayil da kusan rabi. Na fi son hanya ta biyu ga kusan kowane aiki, a lamba 22 ko 23, ina komawa ta farko ne kawai idan an ce mini dole aikin ya shiga wani takamaiman wuri.

Adadin hotuna a sakan ba ya buƙatar dogon bayani: a bar shi yadda aka ɗauka. Kyamarorin da aka saita domin Najeriya sukan ɗauki 25, daidai da wutarmu mai bugawa 50 a sakan, wayoyi kuma sukan ɗauki 30. Juya 25 zuwa 30 yana sa tafiyar hoto ta riƙa ɗingishi, fitarwa a 60 kuma ƙarin nauyi ne da bikin aure ba ya buƙata. Abu ɗaya da ya cancanci kulawa shi ne wayoyi suna ɗauka da adadi mai sauyawa, wanda yake sa baki da murya su rabu a dogon bidiyo, don haka a zaɓi adadi tsayayye wajen fitarwa. Masu amfani da tsofaffin kyamarorin kafaɗa da ke ɗauka a 1080i, inda ake raba kowane hoto zuwa layuka kashi biyu, kuma su tuna su kunna tacewar da ke haɗe layukan hoto, in ba haka ba gefen duk abin da ya motsa zai fito da haƙora kamar matsefi.

Sauti shi ne wanda aka fi mantawa, alhali a wayar da ake kallo cikin hayaniyar danfo shi ne rabin aikin. Kodek ɗin sauti na AAC a kilobit 128 ya isa kiɗa da magana, kilobit 96 ya isa karatu. Sauti marar matsi da wasu manhajoji suke sakawa a MOV yana cin sama da megabait 11 a minti shi kaɗai, kusan nauyin hoton 720p ɗungurungum. A kuma tabbatar muryar tana fita ta ɓangarorin hagu da dama duka, domin makirufo ɗaya da aka jona a kyamara yakan shiga ɓangare guda, mai saurare da abin kunne ya ji malam a kunne ɗaya kawai.

Inda bidiyon zai je shi ma yana sauya hukunci, kuma a nan ne mutane suke yin kuskure ta fuska biyu. YouTube da Facebook da TikTok da Instagram duk suna sake matse abin da aka ɗora musu, saboda haka ba a ba su fayil ɗin da aka riga aka matse domin waya, in ba haka ba matsi ya hau kan matsi. YouTube da kansa yana ba da shawarar megabit 8 ga 1080p da megabit 5 ga 720p, kuma wannan ne ya kamata a ɗora ko da zai ci data sau ɗaya. TikTok da gajerun bidiyon Instagram da Facebook a tsaye ake kallonsu, 1080 a faɗi da 1920 a tsawo, kuma wannan shawara ce da ake yankewa tun a teburin tacewa. Bidiyon kwance da aka cusa a tsayayyen allo yana zama siririn zare tsakanin baƙaƙen filaye biyu. WhatsApp kuwa yana da ƙofofi biyu. Idan aka tura bidiyo ta hanyar da aka saba, zai matse shi da ƙarfi, kuma zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya rage ɓarnar ne bai kawar da ita ba. Idan aka tura shi a matsayin takarda, wato fayil, zai isa yadda yake har zuwa gigabait 2. Ƙofa ta biyu ce take sa aikin juyawa ya biya kuɗin sabulu, tunda abin da na fitar shi ne abin da gwaggo za ta gani, kuma a nan ne zaɓen H.264 yake da muhimmanci ƙwarai, domin babu wani a tsakani da zai gyara kuskurena. Ga masu karɓa a memori ko filashi kuma akwai wata iyaka da take ba mutane mamaki: katin da bai wuce gigabait 32 ba yakan zo da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, ko da katin babu komai a cikinsa. Bikin awa biyu a megabit 8 ba zai shiga ba sai an raba shi ko an rage.

Da wace manhaja za a yi juyawar? Premiere Pro da DaVinci Resolve da CapCut duk suna iya fitar da MP4 mai H.264 kai tsaye, kuma ga gajeren aiki hakan ya wadatar, muddin an duba bitret ɗin da suka zaɓa, domin saitinsu na farko yakan yi sama da abin da waya take buƙata. Ga dogon aiki na fi son matakai biyu: in fitar da uwar aiki guda mai inganci sosai in adana, sannan in juya ta da HandBrake zuwa duk girman da aka nema. HandBrake kyauta ne, yana aiki a Windows da Mac da Linux, yana da shirin da aka riga aka tsara mai suna Fast 720p30, yana iya jera ayyuka da yawa ya yi su cikin dare, kuma injin matse H.264 mai suna x264 da yake amfani da shi yakan ba da hoto mafi kyau a ƙaramin nauyi fiye da saurin fitarwa na katin hoto. Akwai wani ɗan akwati a cikinsa mai suna Web Optimized da ya kamata a danna, domin yana kai bayanan jagora zuwa farkon fayil, bidiyo ya fara tafiya tun bai gama sauka ba. FFmpeg yana yin duk wannan har da ƙari, amma da rubutaccen umarni ake sarrafa shi, sai mai haƙurin koyo. Manhajojin matse bidiyo na waya suna fitar da mutum kunya idan yana kan hanya, sai dai da yawansu suna cike da talla, wasu kuma suna manna tambarinsu a kan aikin. Shafukan intanet masu juya bidiyo su ne na ƙarshe a wajena: sai an ɗora fayil ɗin gaba ɗaya sannan a sake sauke shi, data biyu ke nan, kuma bidiyon matan gidan mutane amana ce da bai kamata a miƙa ta ga wata na'urar da ba a san mai ita ba.

Uwar aikin nan kada a goge ta don an ga faifai ya cika. Duk juyawa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa, kuma fayil ɗin da aka juya daga wanda aka riga aka juya yana lalacewa kamar takardar da aka yi ta kwafa daga kwafi. Abokin ciniki zai dawo bayan wata shida ya ce yana son na talabijin, ko ango ya ce yana son minti ɗaya a tsaye domin TikTok, kuma duka daga uwar za a ciro su.

Tun bayan abin da ya faru da Alhaji, na sayi wata tsohuwar itel ta hannu na ajiye a aljihun tebur, allonta ma da tsaga a gefe. Kafin in kira mai aiki ya zo ya karɓa, sai na tura fayil ɗin cikinta ta Xender, in buɗe shi da manhajar kallon da ta zo da wayar, ba VLC ko MX Player ba, tunda waɗannan biyun suna buɗe abin da sauran ba sa iyawa kuma za su ɓoye mini matsalar. Ina kallon minti biyu na farko, in ja zuwa tsakiya wurin rawa in ga ko hoton zai farfashe, in ja zuwa ƙarshe in duba ko baki da murya suna tare, sannan in taɓa bayan wayar in ji ko ta ɗauki zafi. Idan ta wuce waɗannan, sai in rubuta sunan mai biki da 720p a kan fayil ɗin, in ɗauki waya in kira shi.